Thiago Silva: daga gadon asibiti a Mosko zuwa kofin Zakarun Turai (zare)

1/ Duk sanda aka zauna lissafin manyan 'yan bayan wannan zamani, sunayen da ke fara fitowa su ne Ramos, Van Dijk, Chiellini, wani lokaci Pepe. Thiago Silva sai can ƙarshe, kuma da sharaɗi: "ai a Faransa ya ƙarar da ƙarfinsa." Yau zan bi tarihinsa kulob bayan kulob. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Tun farko ma in faɗa, ni ɗan Arsenal ne, don kada 'yan Chelsea su ɗauka nasu ne ya zo yi musu kirari. Abin da nake so ku riƙe shi ne: har zuwa 2025, sau biyu Silva ya shigo Turai. Zuwan farko bai buga wa babbar ƙungiya ko minti ɗaya ba, kuma saura kaɗan ya koma gida a makara.

3/ An haife shi ranar 22 ga Satumba 1984 a yammacin birnin Rio de Janeiro, ɓangaren talakawa, nesa da bakin tekun nan da ake nunawa a hoto. Yana yaro a tsakiya yake bugawa, gaban 'yan baya. Ya ɗan zauna a makarantar yaran Fluminense, bai daɗe ba. Ya je gwaji wasu ƙungiyoyin Rio, har da Flamengo, ba wanda ya riƙe shi.

4/ Sai da ya bar Rio gaba ɗaya ya gangara kudancin Barazil, jihar Rio Grande do Sul, wata ƙaramar ƙungiya mai suna RS Futebol. Daga nan Juventude ta ɗauke shi a 2004. A can ya haɗu da koci Ivo Wortmann, wanda ya tabbatar da shi a tsakiyar baya. Ku riƙe sunan mutumin nan, zai sake fitowa har sau biyu.

5/ Wata shida kawai ya yi yana haskawa a Juventude, Porto ta saye shi. Kuma ba Porto ta wasa ba: wadda ta ɗauki kofin Zakarun Turai a watan Mayun 2004 ƙarƙashin Mourinho. Ricardo Carvalho ya bi Mourinho zuwa Chelsea, gurbi ya buɗe a baya. Yaro ɗan shekara 20 daga Barazil, ai ka ce kakarsa ta yanke saƙa.

6/ A wannan shekarar ce kuma Pepe ya iso Porto daga Marítimo. Shi Pepe ya bi ta babbar ƙofa, bayan shekara uku Real Madrid ta saye shi. Silva kuwa aka ajiye shi a Porto B. Numfashinsa ba ya kai shi, ƙirji na ciwo, tari na damunsa, ba wanda ya gano ainihin abin da ke cinsa.

7/ Farkon 2005 aka tura shi Dynamo Moscow. Lokacin wani attajiri, Alexei Fedorychev, yana zuba kuɗi a ƙungiyar yana kwaso 'yan wasa daga Fotugal kamar ana rabon kayan gado: Derlei, Danny, daga baya Maniche, Costinha da Seitaridis. Cikin wannan ayarin aka cusa Silva, shi ne wanda ba kowa ya san sunansa ba.

8/ Likitocin Dynamo ne suka gano cewa tarin fuka ne, kuma ya daɗe yana cin huhunsa. Shi da kansa ya sha ba da labari a hirarraki cewa an gaya masa da ya ƙara kamar sati biyu ba a kwantar da shi ba, da wani zancen ake yi ba wannan ba.

9/ Kusan wata shida ya yi a asibiti a Mosko, a killace saboda cutar na yaɗuwa. Ku ɗan auna abin: shekara 20, ba ka jin Rashanci, ma'aikatan ba sa jin Fotugisanci, ka fito daga garin da ba a san sanyi ba. Kullum allurai da ƙwayoyi. Mutumin da aka saya don gudu da tsalle, ga shi tashi ya taka cikin ɗaki ya zame masa aiki.

10/ Har aka kai ga likitocin suka ce a yanke wani sashe na huhunsa. Da an yi wannan, ƙwallo ta ƙare, ba ma sai an faɗa ba. Iyalinsa suka ƙi. Wortmann, wanda Allah ya kawo shi Dynamo a matsayin koci a tsakiyar 2005, shi ma ya ƙi. Aka mayar da shi Fotugal ya ƙarasa jinya a can ba tare da tiyata ba.

11/ Ɗan ratse, don mu ma cutar nan tana nan a cikinmu: tarin da ya wuce sati biyu, da zufan dare da rama, a je a yi gwaji. Ana warkewa, maganin wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Ɗan ƙwallon da ke hannun likitocin Turai ma jinkiri ne ya kusa kai shi. To, mu koma.

12/ Ya warke, amma zuciya ta karye. Bai taɓa sa rigar Dynamo a wasa ba. Ya yanke shawarar barin ƙwallo, mahaifiyarsa ce ta tausashe shi. A 2006 Wortmann ya karɓi aikin horar da Fluminense, ya ce a kawo masa yaron nan. Wato ƙungiyar da ta sake shi yana yaro, ita ce ta karɓe shi bayan Turai ta gama da shi.

13/ Shekara uku ya yi a Fluminense, kuma a nan aka laƙaba masa O Monstro, wato Dodo. 2007 suka ɗauki Copa do Brasil. 2008 suka kai wasan ƙarshe na Copa Libertadores, wanda shi ne kamar kofin Zakarun Turai na Kudancin Amurka, karon farko a tarihin ƙungiyar.

14/ Wasan ƙarshen nan shi ne farkon jerin darare masu ɗaci a rayuwarsa. LDU Quito ta ci su 4-2 a Ekwado, a garin da ke kan tsauni kusan mita 2,800, inda baƙo ke haki tun kafin a take wasa. A Maracanã Fluminense ta rama 3-1, Thiago Neves ya zura ukun duka. Aka je fenariti, suka sha kashi a gaban mutanensu.

15/ Disambar 2008 AC Milan ta saye shi kan kusan yuro miliyan 10. Matsala: gurbin 'yan wasan da ba 'yan Tarayyar Turai ba ya cike, ba za a iya yi masa rajista ba sai kaka mai zuwa. Wata shida kenan yana atisaye kawai a Milanello, ba wasan gasa ko ɗaya. Wani zaman jiran kuma.

16/ Amma wannan jiran ba irin na Mosko ba ne. Koci Ancelotti ne, kuma watannin ƙarshe ne na Paolo Maldini kafin ya ajiye takalmi a Mayun 2009 yana da shekara 40. Kullum Silva na gefensa a filin atisaye yana kallon yadda dattijo ke tare hanya ba tare da ya faɗi ƙasa ba. A ganina digirinsa na ƙwallo a waɗannan watannin ya yi shi.

17/ Wasansa na farko a Serie A ya zo a Agustan 2009, saura wata ɗaya ya cika 25. Ku kwatanta: Ramos yana da 19 ya shiga Real Madrid, yana da 24 ya ɗaga kofin duniya. Duk wanda zai jera kofunan mutanen biyu a faranti ɗaya, to ya fara cire shekara biyar ɗin nan tukuna.

18/ A Milan ya samu Alessandro Nesta a gefensa. Nesta na fama da ciwon baya, shekaru sun ja, sai Silva ya zama ƙafafunsa, shi kuma ya zama idon Silva. Kakar 2010/11 ƙarƙashin Allegri suka ɗauki Scudetto, na farko tun 2004, suka katse wa Inter jerin kofunanta. Ƙwallo 24 kacal aka zura musu a wasa 38.

19/ Mutane na tuna wannan kakar da Ibrahimović, Pato da Robinho, kowannensu ya ci 14 a lig. Amma ku koma ku kalli wasannin. Har tsakiya Allegri ya mayar da Silva a wasu wasanni da 'yan tsakiyarsa suka ji rauni, ya buga kamar a can aka haife shi. Ai a can ɗin aka haife shi, in kun tuna.

20/ Ga abin da ya bambanta shi. Ba shi da tsawon Van Dijk, ba shi da mugunta irin ta Pepe. Da wuya ka ga wandonsa ya yi datti. Shi kafin a ba da ƙwallon ya riga ya san inda za ta, sai ka ga ɗan gaba ya juyo ya tarar da shi tsaye kamar dama can jiransa yake. Irin wannan aikin ba ya shiga bidiyon minti biyu da ake yaɗawa, shi ya sa ake raina shi.

21/ Kakar 2011/12 ita ce ta "da ma". Milan na kan gaba, Fabrairu aka hana Sulley Muntari ƙwallon da ta wuce layi ƙarara a wasansu da Juventus, aka tashi 1-1. Maris Silva ya ji rauni a cinya, bai buga karawarsu da Barcelona ba, bai ƙarasa kakar ba. Juventus ta Conte ta wuce da kofin ba a doke ta ko sau ɗaya ba.

22/ Sai bazarar 2012. Farkon Yuli Milan ta sanar da cewa ya sabunta kwantiragi har 2017, magoya baya suka yi ta murna. Ba a yi sati biyu ba aka sayar da shi ga PSG kan kusan yuro miliyan 42, Ibrahimović ya bi bayansa. Kamfanin Berlusconi na buƙatar kuɗi, Katar kuma ta sayi PSG a 2011 tana neman wanda za ta gina gida a kansa.

23/ Shi Silva bai ɓoye ba cewa ba shi ya nemi tafiyar ba. Kuma a wannan bazarar Nesta, Gattuso, Seedorf, Inzaghi da Zambrotta duk suka tafi. Milan ba ta sake ganin Scudetto ba sai 2022. Masu cewa ya gudu Faransa neman kuɗi, ku gaya mini me ya rage a San Siro da zai tsaya ya tsare?

24/ A Paris ya tarar da sanannun fuskoki: Ancelotti koci, Leonardo, wanda ya horar da shi a Milan, shi ne daraktan wasanni. Ba a daɗe ba aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin. 2013 PSG ta ɗauki lig karon farko tun 1994. Cikin shekara takwas da ya yi, bakwai sun ɗauka. Monaco ta su Mbappé ce kawai ta ƙwace a 2017.

25/ Ba zan ɓata muku lokaci da kofunan cikin gida ba, suna da yawa kuma ba su ne abin gardama ba. Mun san yadda Ligue 1 take a lokacin: PSG na sayen abin da duk sauran suka haɗu ba za su iya ba. Hukuncin da ake yi wa Silva a daren Talata da Laraba ake yinsa. To bari mu bi su.

26/ 2013: Barcelona ta fitar da su ba tare da ta doke su ba, 2-2 da 1-1, da dokar ƙwallon waje (ƙannenmu, an soke dokar a 2021, ku tambayi yayyenku irin hawan jinin da ta jawo). 2014: sun ci Chelsea 3-1 a Paris, Demba Ba ya kashe su a minti na 87 a Landan. Duka biyun a zagayen 'yan takwas.

27/ 11 ga Maris 2015, Stamford Bridge, 'yan 16. Wannan wasan in kana son ka san Silva shi za ka kalla. An kori Ibrahimović a minti na 31. Cahill ya ci, David Luiz ya farke da ka saura minti huɗu. Aka shiga ƙarin lokaci, sai kyaftin da kansa ya ɗaga hannu ya taɓa ƙwallo a cikin da'ira. Fenariti. Hazard ya buga ta shiga.

28/ Yanzu ka sa kanka a matsayinsa. Ku goma ne, kun yi awa ɗaya da rabi kuna wahala, kai babba ka zubar. Minti na 114 aka samu kwana, ya sa kai, Courtois ya ture da ƙyar. Aka sake bugo wata kwanar, ya sake tashi, ya ɗaga ta ta saman Courtois ta faɗa raga. 2-2, Chelsea ta Mourinho ta fita.

29/ Ina kawo wannan ne saboda tambarin da aka manna masa tun gasar kofin duniya ta 2014, lokacin da aka nuno shi zaune kan ƙwallo yana hawaye kafin bugun fenariti da Chile. Daga ranar aka ce ba shi da zuciya. Mutum ne mai saurin kuka, wannan gaskiya ne. Amma marar zuciya ba ya zuwa kwana ta biyu bayan an ture masa ta farko.

30/ (Kuma 7-1 ɗin Jamus da ake yawan jingina masa, ba ya cikin fili, dakatarwa ce ta katin gargaɗi na biyu da ya samu a wasan Kolombiya. In ma wani abu wasan ya nuna, to girman ramin da ya bari ne. Amma zaren na kulob ne, mu bar nan.)

31/ Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. 8 ga Maris 2017, Camp Nou. PSG ta je da 4-0 a aljihu, kuma wasan farkon ma Silva bai buga ba, yaro Kimpembe ne ya tsaya a wurinsa ya hana su Messi sakat. Kyaftin ya dawo a wasa na biyu, aka zuba musu 6-1.

32/ Za a iya maganar alƙalin wasa, da fenaritin da aka ba Suárez, duk na yarda. Amma tun minti na farko PSG ta koma bakin ragarta ta tsugunna, kuma ɗan baya na tsakiya mai ƙyalle a hannu shi ke cewa a fito. Daga minti na 85 zuwa tashi, sau huɗu kawai suka iya miƙa wa juna ƙwallo, uku daga ciki a take wasa ne bayan an ci su.

33/ Uku suka sha cikin minti bakwai: Neymar, Neymar, Sergi Roberto. A nan ba ni da abin da zan kare shi da shi. Daren na buƙatar wanda zai daka tsawa, ya kama wuyan rigar wani, ko ya kwanta ya cinye minti biyu. Ramos zai yi haka. Silva bai yi ba, kuma wannan ne ainihin abin da Ramos ya fi shi.

34/ Bayan nan PSG ta fasa banki, Neymar kan yuro miliyan 222, ga Mbappé. Abin bai canza ba. 2018 Unai Emery ya ajiye kyaftin ɗinsa a benci a Bernabéu, aka ci su 3-1. 2019 suka ci Man United 2-0 a Old Trafford, United ta zo Paris da rabin 'yan wasanta a asibiti ta fitar da su da fenaritin Rashford.

35/ 2020, shekarar korona. Leonardo, wanda ya kawo shi, shi ne ya shaida masa cewa ba za a sabunta masa ba. Aka ɗan ƙara masa makonni don ya ƙarasa gasar da aka tattara a Lisbon, wasa ɗaya-ɗaya, ba 'yan kallo. Atalanta na gaba har minti na 90, Marquinhos da Choupo-Moting suka juya wasan. Leipzig ta sha 3-0.

36/ 23 ga Agusta 2020, wasan ƙarshe na farko a tarihin PSG, kuma wasan Silva na ƙarshe a rigarta. Bayern ɗin da ta yi wa Barcelona 8-2 kwana tara kafin nan, ɗaya tak ta iya ci. Wa ya ci? Kingsley Coman, yaron da ya taso a makarantar PSG suka bar shi ya tafi kyauta. Haka shekara takwas da wasa sama da 300 suka ƙare.

37/ Kwana biyar bayan haka Chelsea ta ɗauke shi kyauta, kwantiragin shekara ɗaya, saura wata guda ya cika 36. Ina tuna yadda aka yi ta dariya a gidan kallo, har da mu: tsoho daga lig ɗin manoma zai zo Firimiya a gudu da shi. Chelsea ta Lampard kuwa 54 aka zura mata a lig a kakar da ta gabata, ba ta da zaɓin raina tsoho.

38/ Wasansa na farko a Firimiya kamar ya tabbatar da maganar masu dariya. West Brom, ƙwallo ta zame masa a ƙafa, Callum Robinson ya ɗauka ya ci, kafin rabin lokaci 3-0, da ƙyar aka tashi 3-3. Abin dariya, jan katinsa a Afrilu ma West Brom ɗin ce, ranar da suka ci Chelsea 5-2. Kowa da dodonsa, har shi Dodon.

39/ Disambar 2020 PSG ta kori Tuchel. Janairu Chelsea ta kori Lampard ta ɗauko shi. Wato mutum biyun da Paris ta ga ta gama da su sun haɗu a Landan cikin wata biyar. Tuchel ya koma 'yan baya uku, Silva a tsakiya, Rüdiger da Azpilicueta a gefe suna yi masa gudun, Kanté a gaba yana share komai. Da tsohuwar zuma ake magani.

40/ Atlético, Porto, Real Madrid, duk suka wuce. Ƙwallo 4 kacal aka ci Chelsea a wasa 13 na gasar. Wasan ƙarshe da Man City an shirya shi ne a Istanbul, dokokin korona suka sa aka ɗauke shi. Aka kai shi ina? Estádio do Dragão, filin Porto. Filin da aka sayo shi don ya buga a 2004, amma a wancan zuwan bai samu ya taka shi da rigar masu gida ba.

41/ 29 ga Mayu 2021. Minti na 39 ya dafe matsematsinsa, ya gwada ci gaba, abu ya ƙi. Ya fita yana rufe fuska da riga, Christensen ya shigo. Minti uku bayan haka Mount ya tsaga bayan City da ƙwallo ɗaya, Havertz ya kewaye Ederson. Sauran wasan a benci ya kalle shi kamar ni da ku, ba abin da zai iya sai addu'a.

42/ Na sha jin ana cewa "ai ba shi ya ci musu ba, minti 39 ya buga." To, a Lisbon ya buga 90 cif ya yi wasa mai kyau ya tafi hannu rabbana. A Maracanã ya buga 120. Wanne za mu ɗauka? Kofin Zakarun Turai ba a wasa ɗaya ake cinsa ba, kuma duk wanda ya ga karawa biyun da Madrid ya san wa ke tsara layin bayan nan.

43/ Shekara ɗayan da aka ba shi ta zama huɗu. Fabrairun 2022 suka ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi a Abu Dhabi a hannun Palmeiras. A wasan ma hannunsa ya sake jawo fenariti (mutumin nan da hannu, sai addu'a), duk da haka shi aka ba kyautar gwarzon gasar.

44/ Daga nan gidan ya rikice. Takunkumi ya hau kan Abramovich saboda yaƙin Yukiren, su Todd Boehly suka sayi ƙungiyar a Mayun 2022, aka kori Tuchel, aka kawo Potter, aka kore shi, aka dawo da Lampard riƙon ƙwarya. Ana ta sayen yara kamar ana cika kwandon kasuwa. Suka ƙare na 12 a tebur.

45/ A wannan kakar ne, bayan Madrid ta fitar da su a Afrilun 2023, ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi abin da kowa ke gani: an tara 'yan wasa har sai da aka faɗaɗa ɗakin canza kaya, a tsaya a yi tsari. Mutumin da aka ce ba ya iya magana a matsayin shugaba. Kuma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan ƙungiyar na kakar, yana da shekara 38.

46/ Nan ne hujjata take ga masu zancen lig ɗin manoma. In Ligue 1 ce ta rufa masa asiri, me ya sa Firimiya ba ta tona shi ba yana 36, 37, 38, 39? Mun ga 'yan baya da ba su kai 33 ba lig ɗin nan ya tattare su ya ajiye. Abin da PSG ta yi masa shi ne ta ɓoye mana shekarunsa mafi kyau a wasannin da ba ma kunnawa.

47/ Wasansa na ƙarshe a Stamford Bridge ranar 19 ga Mayu 2024 ne, da Bournemouth. Ya yi kuka, ba wanda ya yi mamaki. Ya koma Fluminense ya tarar da su a ƙasan tebur, watanni kaɗan bayan sun ɗauki Libertadores ɗin da ta kufce masa a 2008. Da shi a baya suka daina zubar da ƙwallaye, suka tsira daga faɗuwa.

48/ Bazarar 2025 a Amurka, sabuwar gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi 32. Yana da shekara 40 ya ja Fluminense suka fitar da Inter, wadda ta buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai wata ɗaya kafin nan, da ci 2-0. Suka cire Al Hilal 2-1. A wasan kusa da na ƙarshe aka haɗa su da Chelsea.

49/ Chelsea ta ci 2-0 ranar 8 ga Yuli a filin MetLife. Duka biyun João Pedro ne ya zura, wanda ba a fi sati da sayensa daga Brighton ba. Shi ma a makarantar Fluminense ya taso, shi ya sa ya ɗaga hannuwa bai yi murna ba. Ranar da aka kwantar da Silva a asibitin Mosko, João Pedro yana ɗan shekara uku.